Abu Raihan Albiruni: malamin da ya hau dutse ya auna girman duniya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa awon hatsi ya san rigimar tiya. Ta wannan mai awo ta fi ta wancan zurfi, wani ya bubbuge gindin tasa, wani kuma ya tsaya sai an yi tozo. Haka abin yake wajen masu sayar da sawaye a da, inda ake auna zane da kamu, alhali kamun dogon mutum ya fi na gajere. A lakwal kuwa, darasin farko da ake yi wa yara a fizik shi ne na awo: mene ne metir, mene ne kilo, mene ne sakan, kuma ta yaya mutum zai tabbata abin da ya auna daidai ne. Yau za mu kawo muku tarihin wani malami da ya ƙare rayuwarsa bisa wannan tambaya, shekara kusan 1000 da suka wuce. Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad, wanda duniya ta sani da Albiruni.

An haife shi cikin shekara ta 973, wadda ta zo daidai da 362 ta Hijira, a bayan garin Kas, babban birnin ƙasar Huwarizm a wancan zamani. Wurin yana bakin kogin Jaihun, wanda ake kira Amu Dariya, cikin ƙasar Uzbekistan ta yanzu. A harshen Farisanci kalmar birun tana nufin waje, shi ya sa masu tarihi da yawa suke ganin laƙabin nasa na nufin mutumin bayan gari. Allah ya haɗa shi tun yana yaro da wani ɗan gidan sarautar ƙasar mai suna Abu Nasr Mansur, gwani wajen lissafi da ilimin taurari, wanda ya ɗauke shi ya koyar da shi.

Yana da shekara 17 ya yi awonsa na farko da aka sani. Ya samu wani zobe babba na awo, wanda aka tsaga gefensa rabin digiri rabin digiri, ya auna tsayin rana a sama lokacin da ta take tsaka. Daga nan ya lissafa nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, wanda yake digiri 41 da ɗoriya. Don kwatanci, Yamai tana digiri 13 da rabi ne arewa da wannan layi. Saurayin bai wadatu da lambar da ke cikin littattafan magabata ba, sai da ya fita rana ya auna da kansa. Wannan hali bai rabu da shi ba har ya mutu.

Cikin shekara ta 995 yaƙi ya ɓarke a ƙasar. Sarkin Gurganj, wani birni da ke ƙetaren kogi, ya faɗa wa Kas, aka kashe sarkinta, gidan sarautar da ke riƙe da Albiruni ya rushe. A lokacin yana tsakiyar wani awon rana da ya soma a wani ƙauye da wani ƙaton zobe mai faɗin kamu 15, dole ya bar aikin ya gudu. Ya yi zaman talauci a birnin Rayyu, kusa da Teheran ta yanzu. Amma a can ya gamu da wani dattijon malami, Alhujandi, wanda ya gina wata babbar na'urar awon rana bisa tudu, da nufin gano yawan karkatar hanyar rana a sama. Sakamakon Alhujandi ya gaza na sauran masana da kaɗan. Albiruni ya bi diddigin abin, ya rubuta cewa nauyin ginin ne ya sa kafar da hasken rana ke shigowa ta cikinta ta sauka ƙasa da misalin taƙi 1. Darasin da ke nan shi ne girman na'ura da tsadarta ba su hana ta kuskure, kuma mai awo sai ya binciki ma'auninsa kafin ya yarda da abin da ya ba shi.

Bayan shekara 2 ya koma Kas, ya yi wani aiki mai ban sha'awa. Ya yi wasiƙa da babban malamin lissafi na Bagadaza, Abul Wafa, suka shirya su dubi husufin wata na ranar 24 ga watan Mayu na 997, kowa a garinsa, kowa ya rubuta lokacin da abin ya faru bisa lokacin garinsa. Hikimar ita ce husufin wata kowa yana ganinsa a lokaci guda, amma lokacin gari da gari ya bambanta, tun da rana tana riga fitowa a gabas. Mu ma mun san haka, don mutanen Damagaram suna riga na Yamai shan ruwa da azumi da kusan rabin awa. Da suka gwama abin da suka rubuta, sai suka ga tsakaninsu kusan awa 1 ne. Da yake duniya digiri 360 ce, yini da kwana kuma awa 24, kowace awa tana daidai da digiri 15. Ta haka mutum 2, ba waya ba agogon zamani, suka auna nisan gabas da yamma tsakanin garuruwansu.

Daga nan ya zauna a Jurjan, kusa da tekun Kaspiyan, a fadar sarki Ƙabus. A can, wajen shekara ta 1000, ya rubuta littafinsa Al-Asarul Baƙiya, inda ya tattara yadda al'ummomi dabam-dabam suke ƙirga kwanaki da watanni da shekaru: Farisawa, Girkawa, Yahudawa, Kiristoci, Larabawa kafin Musulunci da bayansa, da mutanen ƙasarsa. Wannan ma awo ne, awon lokaci, kuma ya nuna yadda ake juya kwanan wata daga wannan ƙidaya zuwa waccan. A shekarun nan ne kuma ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, wanda Albiruni ya girme shi da kusan shekara 7. Ya aika masa da tambayoyi 18 bisa koyarwar Aristo, malamin Girka da kowa ke girmamawa. Cikinsu har da dalilin da ya sa ƙanƙara take yawo bisa ruwa, da dalilin da ya sa tulu yake fashewa in ruwan cikinsa ya daskare, alhali ana cewa sanyi tsuke abu yake yi. Bai ɗauki girman sunan Aristo a matsayin hujja ba in abin da ido ya gani ya saɓa.

Wajen shekara ta 1004 ya koma ƙasarsa, ya zauna a Gurganj, ya zama na kusa da sarki Abul Abbas Ma'amun, har ana aikensa sasanta rigingimu.

Wani aikin da ya yi suna da shi shi ne awon nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja. Kowa ya san dalma ta fi katako nauyi, amma sau nawa? Kuma ta yaya za a gane zinariya tsantsa daga wadda aka gauraya? Albiruni ya ƙera wani ɗan tulu mai faɗin gindi da tsukakken wuya, da ɗan bututu a wuyan kamar na buta. Sai ya cika shi da ruwa har bakin bututun, ya auna miskali 100 na ƙarfen da yake so, ya zuba a ciki guntu-guntu. Ruwan da ƙarfen ya ture sai ya zubo ta bututun cikin tafin ma'auni, ya auna shi. In aka raba nauyin ƙarfen da nauyin ruwan da ya zubo, an samu sau nawa ƙarfen ya fi ruwa nauyi. Ya samu zinariya ta fi ruwa sau 19 da ƴan kai, zaiba kuma sau 13 da rabi da ɗoriya. Awon zamani ya ba da 19,3 ga zinariya da 13,6 ga zaiba. Bai tsaya ga awo ɗaya ba, yakan maimaita sau da yawa ya gwama. Ya kuma lura ruwan kansa ba ɗaya ba ne, mai gishiri dabam, mai daɗi dabam, mai sanyi dabam, mai zafi dabam, don haka dole a tsaya ga ruwa iri guda. Wani malami da ya zo bayansa, Alhazini, ya adana wannan aiki cikin littafinsa Mizanul Hikma na shekara ta 1121.

Cikin 1017 sojoji suka yi tawaye suka kashe sarki Ma'amun. Sarkin Gazna, Mahmud, wanda yake surukinsa, ya zo da runduna ya ci ƙasar, ya kwashi malamai ya tafi da su Gazna, cikin Afganistan ta yanzu. Albiruni da malaminsa Abu Nasr suna cikinsu. Yana da shekara 44, an raba shi da garinsa da kayan aikinsa. Cikin 1018 yana wani ƙauye kusa da Kabul, cikin ƙunci, ba na'ura ko ɗaya a hannunsa. Sai ya ɗauki allon da yake lissafi a kai, ya zana baka a bayansa ya tsaga ta digiri-digiri, ya rataya zare mai nauyi a baki irin na magina, ya auna tsayin rana, ya fitar da matsayin wurin.

Yanzu mun zo ga aikin da ya fi shahara da shi. Tun zamanin halifa Ma'amun na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an taɓa auna girman duniya. Halifan ya tura masana cikin hamadar Sinjar, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, suna auna ƙasa da igiya har tsayin taurari ya canza da digiri 1. In an san tsawon digiri 1, sai a ninka sau 360 a samu kewayen duniya. Amma labarin ya iso wa Albiruni iri 2: wasu littattafai sun ce mil 56, wasu sun ce mil 56 da kashi 2 cikin 3. Wannan saɓani ya dame shi. Ya taɓa niyyar maimaita awon a wani fili da ke arewa da Jurjan, amma bai samu mai taimaka masa da mutane da dukiya ba, aikin ya tsaya.

Yaƙe-yaƙen Mahmud sun kai shi ƙasar Indiya, ya zauna a wata ganuwa mai suna Nandana, cikin lardin Panjab na Pakistan ta yanzu. A gefen ganuwar akwai dutse, kudu da shi kuma fili ne shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido. Sai ya tuna da wata dabara da shi kansa ya ce wani masanin zamanin halifa Ma'amun, Sanad ɗan Ali, ya riga shi gwadawa, wadda ba ta bukatar ayari ko doguwar tafiya. Da farko ya auna tsayin dutsen daga ƙasa ta hanyar kusurwa, ya samu kamu 652 da ɗan ɗigo. Sa'an nan ya hau bisa, ya dubi can inda sama ta haɗu da ƙasa. Da yake duniya dunƙulalliya ce, wanda ke bisa tudu sai ya ɗan sunkuyar da ido kafin ya ga wannan wuri, kuma gwargwadon girman duniya gwargwadon ƙanƙantar sunkuyon. Ya auna shi ya samu minti 34 na kusurwa, wato rabin digiri da kaɗan, tun da digiri 1 minti 60 ne. Da waɗannan lambobi 2, tsayin dutse da sunkuyon ido, ya lissafa cewa daga cibiyar duniya zuwa doronta ya ɗara kamu miliyan 12 da dubu 800. Da ya juya shi zuwa tsawon digiri 1, sai ya samu kusan abin da mutanen halifa suka samu.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya cancanci a tsaya a kai. Wani da ya ce nasa awon ya soke na kowa. Shi kuwa ya bayyana cewa na'urarsa ƙarama ce, ta masanan halifa ta fi tasa kyau, kuma sun fi shi shan wahalar aikin, don haka ya ci gaba da aiki da lambarsu, ya ɗauki tasa a matsayin shaida mai ƙarfafa ta. Kuma yana da gaskiya, don a irin wannan awo kuskuren minti 1 kaɗai na kusurwa yana canza sakamako da fiye da kilometir 350. Ban da haka, iska tana ɗan lanƙwasa haske kusa da ƙasa, abin da lissafinsa bai shigar ba. Shi ya sa masanan yau suke cewa dabarar daidai take, amma kusantar sakamakon da gaskiya akwai sa'a a ciki.

To, kilometir nawa ke nan? A nan rigimar tiya ta dawo. Kamu, wanda Larabawa ke kira zira'i, iri-iri ne a wancan zamani, na masu gini dabam, na masu tufafi dabam, na wannan gari dabam da na wancan. Masu bincike da suka ɗauki kamunsa a matsayin santimetir 49 da ɗoriya sun samu kilometir kusan 6.340, awon zamani kuwa ya ba da 6.371. Amma wanda ya ɗauki wani kamun dabam zai samu wata lamba dabam. Lamba ba ta da amfani in ba a san ma'aunin da aka auna da shi ba. Wannan ciwo ne ya sa, shekara kusan 770 bayan Nandana, mutanen Faransa suka yanke shawara cikin 1791 su ɗauko ma'auni daga duniya kanta maimakon hannun mutum. Suka ce metir shi ne kashi 1 cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin tsakiya. Masana 2, Dalambur da Meshan, suka yi daga 1792 zuwa 1798 suna awo tsakanin Dankerk da Barsalona. Shi ya sa kewayen duniya ya zo kusan kilometir 40.000 cif. Cikin 1960 aka tsayar da tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa, kuma tun 1983 ana ƙayyade metir ne da gudun haske. Metir ɗin da ke rataye a wuyan tela a Maraɗi ko Tawa jikan wannan aiki ne.

Albiruni bai auna duniya don nishaɗi ba. Cikin littafinsa Tahdid, wanda ya kammala a 1025, ya yi amfani da waɗannan awo ya fitar da matsayin Gazna game da Bagadaza da Makka, don mutanen garin su san alƙibla da lissafi, ba da kintace ba. Ya samu tsakanin Bagadaza da Gazna digiri 24 ne da ɗan ɗori, kuma taswirar yau ba ta saɓa masa ba sai da abin da bai kai rabin digiri ba.

Zamansa a Indiya ya haifar da wani babban littafi mai babi 80, wanda ya gama cikin 1030, shekarar da Mahmud ya rasu. Ya koyi Sanskirit, harshen malaman ƙasar, yana babba, ya karanta littattafansu, ya zauna da su ya yi tambaya. Ya buɗe littafin da bayanin cewa gani ya kori ji, ya jera dalilan da ke sa mai ba da labari ya yi ƙarya, kamar son kai da ƙiyayya da tsoro. Ya ware babi guda ga ma'aunan Indiyawa na nauyi da tsawo, ya nuna yadda suke saɓawa daga wuri zuwa wuri. Ya lura duwatsun da ake tonowa a filayen ƙasar mulmulallu ne, manya kusa da tsaunuka, ƙanana in an yi nisa, yashi kuma kusa da teku, ya ce da alama wurin teku ne a da, koguna suka cike shi. Bai ɓoye ba kuma cewa hare-haren Mahmud sun lalata arzikin ƙasar, sun sa malamanta gudu zuwa Kashmir da Banaras, sun dasa ƙiyayya a zukatan mutanenta.

A zamanin Mas'ud ɗan Mahmud ya samu sauƙi. Ya rubuta masa Alƙanunul Mas'udi, kundin ilimin taurari mai kashi 11. Ana ba da labari cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali don ba ya bukatarta. Ba a kowane abu ya dace ba. Ya tattauna ra'ayin masu cewa duniya ce take juyawa, ya yarda cewa lissafin taurari yana tafiya daidai ko an ɗauki wannan ko wancan, amma daga ƙarshe ya tsaya bisa cewa duniya a tsaye take. Bayan ƙarnoni awo ya nuna juyawa take yi. Sai dai ya bar hujjojin ɓangarorin 2 a rubuce, yadda na baya za su iya dubawa su gyara.

Cikin 1036 ya jera sunayen littattafansa, suka kai 113, kuma bai daina rubutu ba. Masu bincike sun ƙirga kusan 150 gaba ɗaya, amma 20 da ƴan kai ne suka iso gare mu. Na ƙarshensu shi ne na magunguna, inda ya kawo sunan kowane magani cikin harsuna da dama don kada mai saye ya ruɗe. Ya yi shi ne ido da kunne sun yi rauni, da taimakon wani abokin aiki. Marubucin tarihi Yaƙut ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je duba shi yana gargarar mutuwa, sai Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gado. Malamin ya ji tausayinsa ya so ya bar maganar, shi kuwa ya nuna ya fi son ya bar duniya da sanin amsar. Malamin ya yi masa bayani, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi a gidan. Ya rasu a Gazna. An daɗe ana rubuta 1048, amma binciken baya ya nuna ya kai wajen 1050. A yau garin da ke inda Kas take a da sunansa Beruni, kuma akwai wani rami a doron wata da aka sa wa sunansa.

Ƴan lakwal da ke ganin darasin awo wahala ce kawai, su dubi abin da mutumin nan ya bari: ka auna da kanka, ka maimaita, ka binciki ma'auninka, ka faɗi da me ka auna, kuma in na wani ya fi naka kyau ka yarda. Wannan ƙa'ida ita ce ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ita ce ke aiki wajen likita mai auna magani da magini mai auna tushe, ita ce kuma ke raba gardama tsakanin mai tiya da mai saye.